RUƁEWAR HAƘORA GA MANYA: ME KE KAWO TA A KARKARARMU?



A wannan shafi mun saba yin magana a kan iri, taki, ƙwari da ajiyar cimaka. Yau za mu duba wani ciwo da ke kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina, wato ruɓewar haƙori. Mutumin da haƙori ya hana shi barci ba ya iya riƙe hauya da safe. Idan abin ya faɗo lokacin noman fari, kwana 4 ko 5 na kwanciya sun isa ciyawa ta rufe hatsi. Saboda haka maganar haƙori maganar gona ce.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutane wajen miliyan dubu 2 ne ke da ruɓaɓɓen haƙori na girma wanda ba a yi wa magani ba. Ta kuma nuna cewa ciwon baki ya fi nauyi a kan talakawa da mutanen da ke nesa da gidan likita. Mu duba dalili.

YADDA HAƘORI KE RUƁEWA

Babban mutum yana da haƙora 32 idan duka sun fito. Yaro yana da 20, kuma idan sun faɗi waɗansu za su maye. Na babba kuwa ba su da magaji. Wanda ya tafi ya tafi ke nan.

Haƙori yana da sashe 3. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi kowane ƙashi na jiki tauri. Akwai na ƙarƙashinsa, mai ɗan taushi. Can ciki kuma akwai jijiya da hanyar jini.

A cikin bakin kowa akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori kusa da dasashi. Abincinsu sukari ne. Duk lokacin da aka sa abu mai zaƙi a baki, sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami. Wannan tsami shi ke narka ɓawon haƙori, kuma yana aikinsa wajen minti 20 zuwa 30 bayan an haɗiye zaƙin. Daga nan yawu ya wanke shi, ya fara gyara wurin da ya ɓaci.

To idan zaƙi yana shiga baki sau 2 ko 3 a yini, yawu yana samun lokacin gyara. Idan kuwa yana shiga sau 10, ɓarna ta fi gyara yawa. Da farko sai a ga ɗan farin tabo. Sai tabon ya yi duhu. Sai ya zama rami. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ramin ya buɗe, abinci yana maƙalewa, ruwan sanyi yana sa tsaki. Ranar da ramin ya kai ga jijiya, ranar ce mutum ke kwana zaune riƙe da kumatu.

Abin ya yi kama da ƙwaron wake a buhu. Daga waje ramin ƙarami ne, a ciki kuwa an riga an cinye ƙwayar.

Mutane da yawa suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa a cikin haƙori. Akwai masu magani da ke turara baki da ƴaƴan wata ciyawa, sannan su nuna waɗansu fararen abubuwa cikin ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Waɗannan abubuwa daga cikin ƴaƴan ciyawar suke fitowa idan zafi ya fasa su. Ramin yana nan yadda yake, kuɗi kuwa sun tafi.

SUKARI YA SHIGO KOWANE GIDA

Abincin kakanninmu tuwon hatsi ne da miyar kuka ko ta kuɓewa, fura da nono, wake, zogale da kifin tabki. Zaƙin da suka sani shi ne zuma, takanɗa, rake, dabino da ƴaƴan icce kamar kanya da magarya, kuma kowanne da lokacinsa. Nakiya da alkaki sai ranar biki. Shi ya sa za ka ga dattijo mai shekara 70 da haƙoransa sun side saboda tauna, amma babu rami ko ɗaya.

Yau abin ya sauya. Mafi yawan sukarin da muke sha daga waje ake kawo shi. Muna kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, kaya suna shigowa ta ko'ina. Mai tebur yana sayar da sukari ƙulli ƙulli, da ƴan daloli kaɗan ma a samu. Ga alewa, ga biskit, ga lemun gari na ƴar leda da ake kaɗawa a ruwa, ga lemun kwalba, ga madarar gwangwani mai sukari. Furar da a da nono kaɗai ke gyara ta, yanzu yara da manya ba su shan ta sai da sukari. Haka koko, haka kunu, haka zoɓo.

An ga irin wannan a waɗansu ƙasashe. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, sukari ya yi ƙaranci a Japan da ƙasashen Turai da dama. Likitoci suka ga ruɓewar haƙoran yara ta ragu ƙwarai. Da yaƙi ya ƙare sukari ya dawo, ciwon ma ya dawo.

A shekarar 2015 OMS ta ba da ma'auni. Ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce wajen giram 50, kuma idan ya tsaya a giram 25 ya fi. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya tana da giram 5 ko ɗan fiye. Ke nan giram 50 bai wuce ƙwaya 10 ba, ko kusa da haka. Kwalbar lemu ɗaya kuwa tana ɗauke da abin da ya kai ƙwaya 6 ko 7.

Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci kun iya lissafi. Giram 50 sau kwana 365 ya ba da giram 18.250, wato ya wuce kilo 18 a shekara ga mutum ɗaya. Ku tambayi kuɗin kilo a kasuwarku, ku ninka sau 18, sannan ku duba tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya.

SHAYI DA ZAMAN FADA

Ganyen shayi ba ya ɓata haƙori. Sukarin da ke cikinsa shi ke ɓatawa. Shayin da ake dafawa a ƴar buta bisa gawayi ana zuba shi sau 3, kowanne da nasa sukari, kuma ana kurɓa a hankali ana hira. Tun wajen shekarun 1990 zaman fada ya yawaita ga samari, a birni da ƙauye. A rani, wanda ba shi da garka kuma bai tafi cin rani ba yana iya wuni a fada, buta ba ta sauka daga wuta. Bakinsa yana cikin tsami daga hantsi har dare. Nan ne rashin aiki ke komawa ciwon haƙori.

Wanda ya tafi cin rani shi ma bai tsira ba. A birni karin kumallonsa yana wajen mai shayi: burodi da shayi mai madara da sukari cokali 3 ko 4. Da rana lemu da biskit, domin sun fi kwanon tuwo araha da sauri. Waɗansu kuma suna shan ƙwayar tramol don jure aikin ƙarfi. Ban da sauran illolinta masu yawa, wannan ƙwaya tana busar da baki. Bakin da ba shi da yawu ba shi da mai gyara masa ɓarna.

Shayin dare ya fi kowanne lahani. Idan mutum ya yi barci yawu yana raguwa sosai. Wanda ya sha zaƙi ya kwanta bai wanke baki ba ya bar tsami yana aiki har asuba.

SUKARI YA ZAMA MUTUNCI

A ƙasarmu sukari ya wuce abinci, ya shiga cikin zumunci. Da azumi ya kama, magidanci yana kai sukari gidan surukai da gidan iyaye, wani ma sai ya ci bashi don kada a ce ya gaza. A suna da aure ana raba alewa tare da goro da dabino. Baƙon da aka kawo wa lemun kwalba yana jin an girmama shi fiye da wanda aka kawo wa ruwan randa.

Ba wanda zai ce a daina kyauta ko a daina karrama baƙo. Amma ya kamata a san abin da ke biyo baya. Gidan da kwali 5 suka shigo a watan azumi zai shanye su, kuma da dare ake shan su, tsakanin buɗa baki da sahur. Wanda ya kai wa surukinsa hatsi, shinkafa, mai ko sabulu shi ma ya sauke nauyi, kuma kyautarsa za ta fi daɗewa a gidan.

TALAUCI DA NISAN LIKITA

Mai kuɗi ma yana shan sukari, wani lokaci fiye da talaka. Bambancin yana wajen magani. Idan ramin yana ƙarami, likitan haƙora yana share shi ya cike, haƙori ya ci gaba da aiki shekaru. Amma likitocin haƙora kaɗan ne ƙwarai a Nijar, kuma suna manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi da Damagaram. Mutumin Gabi, Safo ko Sarkin Yamma sai ya biya kuɗin mota ko kabu-kabu, ya biya na ganin likita, ya biya na magani, ya kuma rasa aikin yini. A shekarun 2005 da 2006 gwamnati ta sa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon ciki da fiɗar haihuwa. Ciwon haƙorin babba bai shiga cikin wannan tsari ba.

Saboda haka talaka yana jira. Ya sayi ƙwaya wajen mai tallar magani, zafi ya lafa, ya koma gona. Bayan wata 2 ciwo ya dawo, ya sake saye. Ranar da ya isa asibiti haƙorin ya riga ya mutu, sai cirewa. Idan aka tara kuɗin ƙwayoyin da ya sha da kwanakin aikin da ya rasa, sau da yawa sun fi kuɗin tafiya tun farko.

Lokacin ciwon ma yana da magana. Da damina rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi wajen iri da taki da ƴan ƙwadago, ga zazzaɓin cizon sauro a kan yara. A wannan lokaci ba wanda ke tunanin kashe jika a kan haƙori. Da kaka kuwa akwai ɗan abin hannu, amma idan haƙorin ya yi shiru sai a manta da shi. Ya fi kyau a juya abin: a je a duba baki da kaka, lokacin da ba ya ciwo.

Yunwar ƙuruciya ita ma tana barin tabo. Haƙoran girma suna ginuwa a cikin muƙamuƙi tun yaro yana goye. Yaron da ya sha tamowa ko doguwar rashin lafiya a shekarunsa na farko yana iya fitowa da haƙora masu raunin ɓawo, waɗanda suka fi saurin ruɓewa. Jiharmu ta ga farin 1973 da 1974, ta ga na 1984, ta ga ƙarancin cimaka na 2005. Yaran waɗannan shekaru su ne magidanta da matan aure na yau.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Wajen shekara 6, manyan haƙoran tauna guda 4 suna fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye suna ɗauka na yarinta ne, sai su bar su su ruɓe suna cewa za su sake. Ba su sakewa. Giɓin da ake gani a bakin ɗan shekara 30 sau da yawa daga nan ya samo asali.

MATA SUN FI JIRA

Ana cewa kowane ciki yana cin haƙori ɗaya. Ɗan da ke ciki ba ya jan komai daga haƙoran uwarsa. Abin da ke faruwa shi ne, mai ciki dasashinta yana kumbura yana jini, sai ta rage goge baki. Amai na farkon ciki yana kawo tsami a baki. Ga kwaɗayin ƴan abubuwan zaƙi. Waɗannan su ne ke haɗuwa su ɓata haƙori.

Bayan haka, mace ba ta tashi ta tafi Maraɗi sai da izinin mai gida da kuɗin mota daga hannunsa, kuma sai ta sami wadda za ta riƙe mata yara da girki. Ɗan abin da ta samu a sana'arta yana tafiya kan cefane da kayan ɗakin ɗiya. Sai ta daure, ta ɗaura kallabi a muƙamuƙi ta ci gaba da daka.

Magidanta, wannan nauyi a kanku yake. Matar da ba ta iya tauna ba ta cin abinci sosai, mai shayarwa kuwa idan ba ta ci ba jariri ne ke ji. Mai ciki tana iya ganin likitan haƙora, sai dai ta faɗa masa tana da ciki kafin ya ba ta magani.

GORO, TABA DA RUWAN SHA

Goro yana rina haƙori, haka furen taba da mata ke gogawa don ado. Launi dabam, ruɓewa dabam. Sai dai launin yana iya ɓoye ƙaramin rami har ya girma ba a gani ba.

Tabar gari da ake dasawa a leɓe da ta hayaƙi suna lalata dasashi, haƙori ya yi girgiɗi ya faɗi ko da ba shi da rami. Suna kuma iya kawo ciwon daji na baki. Mai ciwon sukari shi ma dasashinsa yana saurin lalacewa.

A cikin ruwan ƙasa akwai wani sinadari da ake kira fuluwor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa ɓawon haƙori. Idan ya yi yawa kuwa illa ne, kamar takin zamani da aka zuba wa shuka fiye da kima. OMS ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita ɗaya ta ruwan sha. Maƙwabtanmu na Tsibirin Gobir sun ga wannan illa. Daga 1985 har wajen shekarar 2000 sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse da fuluwor ɗinta ya ninka ma'aunin sau 3 ko fiye. Yara masu yawa haƙoransu suka yi ja da tabo, waɗansu ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Saboda haka duk garin da aka haƙa wa sabuwar rijiya, kwamitin ruwa ya tambaya ko an auna ruwan kafin a fara sha.

MAGANIN DA KE ƘARA CIWO

Kada a ɗiga ruwan batir, man fetur ko kananzir a ramin haƙori. Suna ƙona dasashi da harshe, kuma guba ne.

Kada a dasa ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Tana ƙona naman wurin.

Kada a bari a cire haƙori a kasuwa da ƙarfen da ba a dafa ba. Saiwar tana iya karyewa ta zauna ciki ta yi mugunya, kuma ƙarfen yana iya ɗauko ciwon hanta daga bakin wani.

Kanumfari da kurkurar ruwan ɗumi da gishiri suna rage zafi kafin a isa likita. Ba su cike rami.

Ga alamomin da ba a kwana da su: kumburi ya hau wajen ido ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, zazzaɓi ya haɗu da kumburi. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi gidan likita mafi kusa ko asibitin Madarunfa a ranar. Mugunyar haƙori tana iya bazuwa cikin wuya da jini, kuma tana kashewa.

ABIN DA KOWA ZAI IYA YI

1. A rage yawan lokutan shan zaƙi. Idan za a sha, a sha tare da abinci. Mai sa ƙwaya 4 ya koma 3, bayan mako 2 ya koma 2. Harshe yana sabawa.

2. Bayan shayi ko lemu a kurkure baki da ruwa.

3. A goge haƙora sau 2 a yini, da safe da kuma kafin kwanciya. Na dare ya fi muhimmanci. Bayansa kada a sa komai a baki sai ruwa.

4. Asuwaki yana aiki sosai idan an iya shi, kuma addini ya kwaɗaitar da shi. Iccen bedi yana ko'ina, ba a saye. A tauna bakinsa har ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya ɗaya, gaba da baya, har na can ƙurya. Riƙe shi a baki ana yawo bai isa ba. A yanke bakin da ya tsufa kowace rana.

5. Mai halin sayen man goge baki ya karanta jikin kwalin. Ya nemi kalmar fluor ko fluoride, da lamba tsakanin 1000 da 1500. Ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya isa, ko a kan buroshi ko a kan asuwaki. A tofar, kada a haɗiye. Ƙananan yara a shafa musu ɗan ƙanƙane, babba yana tsaye. A shekarar 2021 OMS ta sa irin wannan mai cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta wadata jama'arta da su.

6. Kada a goge haƙori da yashi ko garin gawayi mai kaushi. Suna kankare ɓawo, kuma ɓawon ba ya tsirowa.

7. Sau ɗaya a wata a duba baki da madubi a cikin haske. Miji ya duba na yara, uwa ta duba haƙoran bayan ɗan shekara 6.

ABIN DA GARI ZAI IYA YI TARE

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba ya fin ƙarfin ƙungiya. A nan jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a shekarar 1991, kuma yau an san shi a ƙasashe da yawa. Ƙungiyar da ke da irin wannan asusu tana iya ware wani kaso don rancen tafiya asibiti, a biya da kaka. Ƙungiyoyin manoma na fadamar Jiratawa da masunta na bakin tabki su ma suna iya yin haka ranar da suka sayar da amfani.

Masu ciwon haƙori na gari ɗaya suna iya haɗa tafiya rana ɗaya, su nemi jami'in gidan likita ya rubuta musu takarda zuwa wajen likitan haƙora. Kwamitin iyayen yara yana iya magana da masu talla a ƙofar lakwal, su ƙara gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen wake da kwaɗon zogale, su rage alewa. Shugabannin fada kuma su gwada auna sukarin da ke shiga buta a mako ɗaya, su rubuta, su karanta wa ƴan fada.

TAMBAYOYI DON AJI DA MASU SAURAREN REDIYO

1. Sau nawa zaƙi ke shiga bakinka daga asuba zuwa kwanciya? Ka ƙirga na kwana 3 ka rubuta.

2. Nawa gidanku ke kashewa a kan sukari, alewa da lemu a wata?

3. Mutum nawa ne a garinku suka rasa kwanakin noma a daminar bara saboda haƙori?

4. Nawa ne kuɗin zuwa Maraɗi da dawowa daga garinku, kuma wace ƙungiya ce za ta iya ranta su?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malamin gona na yankinku ko malamin ajinku ya kawo mana. Za mu karanta waɗansu a shirin manoma.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.